Sharhi: Ƙaton kare da ƙananan yara a gida ɗaya, wa zai shiga ya duba?

Duk mai yawo a sabbin unguwannin Yamai irin su Kwara Kano da Bobiyel, ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, ya san abubuwa biyu da suka yawaita cikin ƴan shekarun nan. Na farko shi ne allon da ake liƙawa a ƙofar gida ana gargaɗi da faransanci cewa akwai mugun kare a ciki. Na biyu kuma katanga mai fenti kala-kala da zanen agwagwa da baƙaƙen ABC, alamar an buɗe jardan ko gidan renon yara. Kowanne yana da dalilinsa. Ɓarayi sun sa masu hali sun daina dogaro da mai gadi kaɗai, mata kuwa sun fita aiki a ofis da kasuwa da asibiti, ga shi kaka tana ƙauye, ba wanda za a bar wa jariri daga safe zuwa la'asar.

Matsalar tana tasowa ne ranar da abubuwan nan biyu suka haɗu a bayan katanga ɗaya. Kuma suna haɗuwa, domin da yawa daga gidajen reno gidan kwanan mai su ne: an gyara falo da ɗaki biyu an sa ƙananan kujeru, iyali na kwana a ɗaya ɓangaren, karen gadi na ɗaure a bayan gida. Ra'ayin wannan jarida shi ne, gidan da ake karɓar kuɗi don riƙe ƴaƴan mutane ya fita daga sahun gidajen da ba a shiga sai da izinin mai gida. Dole a samu wani wanda ba mai gidan ba, mai ikon ƙwanƙwasa ƙofa ya shiga ya ga inda kare yake da inda yara suke, ya ga abin da ya raba su. Maganar mai kare cewa karensa ba ya cizo ba hujja ba ce.

Mu fara da sikeli. Karen Jamus da ake kira barje, namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40. Rotwaila yakan kai kilo 50. Borbul na Afirka ta Kudu, wanda samari ke ɗaukar hoto da shi suna sawa a TikTok, yakan haura kilo 60. Yaro ɗan shekara 2 kuwa nauyinsa bai wuce kilo 12 ba, kuma idan ya miƙe tsaye fuskarsa daidai take da bakin karen. Shi ya sa babba idan kare ya cije shi yawanci a hannu ne ko ƙafa, amma ƙaramin yaro a fuska ne da kai da wuya. Cizon da zai sa magidanci ya yi ɗingishi na mako guda shi ne zai yaga wa yarinya kunci ko ya huda mata maƙogwaro.

Abin da likitocin yara da na dabbobi suka daɗe suna nanatawa, wanda mutane ba sa son ji, shi ne yawancin ƙananan yaran da kare ke ciza ba karen titi ne ke cizonsu ba. Karen gida ne, ko na maƙwabci, ko na dangi, kuma sau da yawa akwai babba a kusa. Dalilin ba boyayye ba ne. Yaro mai rarrafe bai san cewa ba a taɓa kwanon kare yana cin abinci ba. Bai san ba a hawa kansa yana barci ba, ba a jan kunnensa, ba a matsawa kusa da karya mai shayarwa. Yana ihu, yana gudu, yana faɗuwa, duk abubuwan da ke tayar wa kare da halin farauta. Kare yakan yi gargaɗi kafin ya kai baki: ya juya kai gefe, ya lashi leɓe, ya yi hamma ba barci ba, ya sandare jiki, farin idonsa ya fito, sannan ya yi gurnani. Babba mai lura zai gane. Ɗan wata 18 dariya zai yi ya ƙara matsawa. Hausawa na cewa in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi, amma sai mai hankali ke ganin shinshinar.

Wani abin takaici kuma, mutane da yawa idan kare ya yi wa yaro gurnani sai su zane shi da sanda. Abin da karen ya koya ke nan shi ne ya daina gurnani. Tsoron yaron ko haushinsa yana nan, an dai cire ƙararrawar. Irin wannan karen ne ake cewa ya yi cizo ba zato ba tsammani.

Ƴan uwanmu mazauna Turai sun san cewa can ma an sha wannan muhawara, kuma da jinin yara aka rubuta dokokin. A Ingila akwai dokar karnuka masu haɗari tun 1991, wadda ta haramta nau'i huɗu ciki har da Pitbul da Tosa na Japan. Shekaru da dama dokar ba ta hukunta mai karen da ya yi ɓarna a cikin gidan mai shi, sai a 2014 aka faɗaɗa ta ta shiga cikin gidaje, aka kuma kai hukuncin ɗauri har shekara 14 idan kare ya kashe mutum. Duk da haka, a watan Nuwamban 2021 wani ƙaton kare nau'in XL Bully ya kashe yaro ɗan shekara 10 a garin Caerphilly na yankin Wales, a gidan abokinsa. A watan Maris na 2022 irin wannan kare ya kashe yarinya ƴar wata 17 a cikin gidansu a garin St Helens, mako guda kacal bayan iyayenta sun saye shi. Daga ƙarshen 2023 gwamnati ta hana sayarwa da hayayyafar wannan nau'i, daga 1 ga Fabrairun 2024 kuma mallakarsa ba tare da takardar izini ta musamman ba ta zama laifi a Ingila da Wales.

Amma ɓangaren da ya fi dacewa da maganarmu shi ne na masu reno a gida. A Ingila, duk wadda za ta riƙe yara ƴan ƙasa da shekara 8 a gidanta fiye da sa'o'i biyu a rana don a biya ta, sai ta yi rajista, yawanci da hukumar Ofsted, wadda ke sa ido kan makarantu kuma ta karɓi wannan aiki tun 2001. Ana binciken tarihin laifi na duk wanda ya kai shekara 16 da ke zaune a gidan. Sai ta yi horon agajin gaggawa na yara. A ƙa'ida ba za ta wuce yara 6 ƴan ƙasa da shekara 8 ba, kuma 3 ne kawai daga cikinsu za su kasance ƙananan da ba su isa makaranta ba. Ofsted ba ta hana mai reno kiwon kare ba, Turawan Ingila da karnukansu sai Allah. Abin da ake nema shi ne ta nuna ta auna haɗarin kuma ta ɗauki mataki. Mai bincike zai so ya san inda karen ke zama sa'ad da yara ke gidan, inda kwanon abincinsa yake, yadda ake share kashinsa daga filin wasa, ko iyaye sun san da shi, da abin da ke faruwa idan mai reno ta shiga bayi ko ta je buɗe ƙofa. Rahoton binciken kuma ana sa shi a intanet, kowane uba na iya karantawa kafin ya kai ɗansa.

A Faransa, inda ƴan Nijar suka fi sabawa da tsarin, mai reno a gida ba ta fara aiki sai da izinin shugaban majalisar gundumarta, bayan ma'aikatan hukumar kula da uwa da jariri, wato PMI, sun zo sun zagaye gidan. Izinin na shekara 5 ne, akwai horo na sa'o'i 120, kuma ma'aikatan na iya dawowa ba sanarwa. Dabbobin gida suna cikin jerin abubuwan da ake dubawa, tare da tagogi da matakala da rijiya ko wurin wanka, kuma an ambaci karnukan rukuni na ɗaya da na biyu da sunansu. Dokar 6 ga Janairun 1999 ce ta kasa karnuka masu haɗari gida biyu. Rukuni na ɗaya ya ƙunshi masu kamar Pitbul da Borbul da ba su da takardar asali, waɗanda aka hana saye da sayarwa da shigo da su. Rukuni na biyu ya haɗa da Rotwaila. Bayan hare-haren da suka kashe ƙananan yara a 2007, dokar 20 ga Yunin 2008 ta ƙara cewa mai irin wannan kare sai ya karɓi lasisi daga magajin gari, ya yi horon sa'o'i 7, likitan dabbobi ya gwada halin karen, ya kuma biya inshora. Duk karen da ya ciji mutum, ko wane iri ne, sai an kai rahoto ma'aikatar magajin gari, a sa masa ido kwana 15.

A lura da wannan: karen da Faransa ta hana a shigo da shi, shi ne wanda wasu samarinmu ke alfahari da shi a matsayin alamar sun waye.

Ga ƴar uwa da ke Lyon ko Birmingham tana neman inda za ta bar jaririnta, saƙon a taƙaice yake. Da yawa daga cikinmu ba mu tashi da kare a cikin ɗaki ba, kuma kunyar kada a ce mu baƙauye ne takan hana mu tambaya. Ki tambaya. Doka ta ba ki wannan haƙƙi, kuma mai reno ta kirki ba za ta ji haushi ba. Wadda kuma ke riƙe ƴaƴan ƴan uwa a ɓoye ba rajista, saboda takardu ko gudun haraji, ta sani cewa ranar da wani abu ya faru ba inshorar da za ta tsaya mata.

Ba muna cewa a kwafo dokar Ingila a liƙa a Nijar ba. Haramta nau'in kare ma bai gamsar da kowa ba a Turan: Holan ta soke haramcin Pitbul a 2008 bayan shekara 15 saboda cizon bai ragu yadda aka zata ba, Italiya ma ta yi watsi da jerin nau'o'inta a 2009. A nan kuwa, inda ake haɗa kare da kare a bayan gida a sayar da ƴaƴan ta WhatsApp ba takardar asali, wane jami'i ne zai tsaya tantance wannan Borbul ne ko ruwa-biyu? Bincike shi ma ba ya hana komai da kansa, domin shekaru na iya wucewa tsakanin zuwan mai bincike da dawowarsa. Abin ɗauka daga can ƙa'ida ce guda: nauyin hujja yana kan mai karɓar kuɗin reno, kuma akwai wanda zai iya rufe mata gida idan ta kasa.

Mu kuma muna da wani ƙarin dalili da Ingila da Faransa ba su da shi, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka ta hanyar kare ake ɗauka. A ƙasar da kusan rabin al'ummarta ba su kai shekara 15 ba, wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye. Ƙwayar cutar tana bin jijiya ne zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin alamu su fito, amma cizon fuska da kai, wanda shi ne na yara, yana gajarta hanyar. Da zarar yaro ya fara tsoron ruwa da firgita, babu likitan da zai iya ceto shi, a Yamai ne ko a Paris. Yaƙushi ma, ko lasar wani ƙaramin rauni, na iya wadatarwa, kuma yaro ɗan shekara 3 ba lallai ya faɗa ba, musamman idan an taɓa yi masa faɗa kan wasa da kare.

Kada wani ya ce karensa ba ya fita. Karen gadi ana sakinsa da dare, yana faɗa da na titi ta ƙarƙashin ƙofa, yana tsallake katanga idan karya ta yi zafi a unguwa. Allurar da aka yi masa sau ɗaya yana ɗan kwikwiyo ba ta isa har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ake yi idan an yi cizo ya kamata kowace mai reno ta haddace shi kamar lambar wayarta. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, da agogo. A sa maganin kashe ƙwayoyin cuta idan akwai. A tafi asibiti a ranar don fara allurar rigakafi, kada a jira a ga abin da zai faru. Kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a sa toka ko barkono ko man mota. Karen kuma a killace shi likitan dabbobi ya sa masa ido, domin kashe shi a jefar a bola yana ɓatar da shaidar da za ta nuna ko yana da cutar. Idan ya mutu, akwai ɗakin gwajin dabbobi na ƙasa, LABOCEL, a Yamai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kuɗin jinyar bayan cizo a kan dalar Amurka 108, wato sama da jika 60, alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne. Allurar karen kuwa ba ta kai ko kusa da haka ba. To wa ya kamata ya biya, uban yaron ko mai karen? Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta riga ta amsa: mai dabba ke da alhakin ɓarnar da dabbarsa ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce. Sai dai a zahiri yawanci maganar takan ƙare ne a zauren mai unguwa da ba da haƙuri, ana cewa ƙaddara ce, musamman idan mai karen babban mutum ne.

Kuma ba ƴaƴan masu biyan kuɗin jardan kaɗai ke cikin haɗari ba. A gidajen masu hali da yawa, mai renon jariri yarinya ce ƴar shekara 12 ko 13 da aka ɗauko daga ƙauye. Ita ke goyo, ita ke wanke-wanke, ita ake aika ta kai wa kare abinci da jaririn a bayanta. Akwai almajirin da ke tura ƙofa da tsakar rana neman saura, da ƴar talla da aka kira ta shigo da ƙosai. Waɗannan ba su iya karanta allon faransancin da ke ƙofar ba. Idan aka cije su babu wanda zai sa hotonsu a Facebook. A maƙwabciyarmu Najeriya, a watan Satumban 2021, karnukan mai wata makaranta mai zaman kanta a jihar Anambra sun kashe yaro ɗan shekara 2 a harabar makarantar, ranar da iyayensa suka je yin rajista. Labarin ya yi ƙara saboda munin sa. Ƙananan cizon da ba su kai ga mutuwa ba shiru ake yi da su.

Akwai masu cewa ai mu Musulmi ne, maganin abin shi ne a daina kiwon kare baki ɗaya. Malamai sun fi mu sanin wannan fage, amma sananne ne cewa an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona. Masu sharhin Risala ma sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don tsaron gidansa a lokacin tsoro, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da abin da ya fi kare zai ajiye. Wanda ɓarayi suka haura masa gida sau biyu ba zai saurari wa'azin a saki kare ba. Kuma kare ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Karen Azawak, siriri mai dogayen ƙafafu, wanda Turawa ke saye da tsada, sunan yankinmu na arewacin Tawa yake ɗauke da shi, kuma ƙarnoni ya yi yana tsaron rugage da zango. Bambancin shi ne wancan kare yana da fili, yana da aiki, ya san mutanen zangon tun yana ƙarami. Na birni kuwa, mai gashin ƙasar sanyi, ana ɗaure shi da sarƙa mai tsawon taku uku ko a kulle shi a kejin kwano cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ana tsokanarsa da gangan don ya yi zafin rai. Wasu ma barkono suke zuba masa a abinci wai don ya ƙara mugunta. An horar da shi ya tsani baƙo, sannan a kawo masa baƙi ashirin masu rarrafe kowace safiya. Zaluncin da aka yi wa dabbar shi ke sauka a kan yaron.

Me za a yi? Dokar tsarin ilimi ta 1998, LOSEN, ta riga ta sa karatun share fage cikin tsarin ilimin ƙasa, akwai sufetoci, akwai izinin buɗe makaranta mai zaman kanta. Akwai jami'an tsafta a ma'aikatun magadan gari, akwai ma'aikatan kiwo a kowace jaha. Ba sabuwar hukuma muke nema ba, da motoci da ofis da taron bita a otel. Muna neman a sa layi uku cikin takardar da ake cikewa kafin a ba da izini da lokacin sabunta shi: akwai kare a gidan ko babu, ina katin allurarsa mai hatimin likitan dabbobi da kwanan watan bana, kuma mene ne ya raba shi da yara. Amsar ta ukun kada ta zama sarƙa. Sarƙa na tsinkewa, kuma ba ta hana yaro zuwa wurin karen. Amsar ita ce katanga ko shinge mai ƙofa, da kwaɗo a sama inda hannun yaro ba ya kai, a kulle tun kafin yaro na farko ya iso har na ƙarshe ya tafi. Gidan da ba shi da filin yin haka, mai shi ya zaɓa tsakanin karen da sana'ar.

Mun san abin da mai karatu zai ce: sufeto zai zo, a sa masa jika biyar a ambulan, ya sa hannu bai ko leƙa bayan gida ba. Haka ne, yana faruwa, kuma duk sabon sharaɗi na iya zama sabuwar hanyar tatsar masu ƙaramin jari. Shi ya sa muke ganin sakamakon binciken bai kamata ya tsaya a aljihun sufeto ba. A liƙa shi a ƙofar gidan renon da faransanci da Hausa da Zabarmanci, da sunan wanda ya duba da ranar da ya zo. Jami'in da ya rubuta babu kare alhali iyaye na jin haushi daga bayan gida, sunansa na nan a bango. Kuma a bambanta tsakanin mai jardan mai yara sittin da matar da ke riƙe ƴaƴan maƙwabta huɗu don ta samu na cefane. Ta biyun idan aka tsananta mata da takardu ɓuya za ta yi. Ita rajista kyauta a wurin mai unguwa ta ishe ta, da ziyarar ma'aikaciyar asibitin unguwa, da horon yini guda kan agajin gaggawa.

Su kuma hukumomin birane, zuba wa karnukan titi guba duk lokacin da aka yi kuka ba ya kawar da cutar, wasu karnukan ne ke cike gurbin cikin ƴan watanni, gubar kuma tana iya faɗawa hannun yaro. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura. Ba sai an je nesa ba: a Njamena, birni mai zafi da talauci irin namu, an yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, an kai wannan adadi, kuma yaɗuwar cutar tsakanin karnukan birnin ta tsaya na tsawon lokaci kafin a sake shigo da ita daga waje. Ƙasashen duniya sun ɗauki alkawarin kawar da mutuwar mutane daga haukan kare nan da 2030, ana kuma bikin ranar yaƙi da cutar kowace 28 ga Satumba. Jawabi da riguna masu tambari ba su isa ba idan ba a ga masu allura a Zengu da Kara-Kara da Sabon Gari ba.

Kafin hukuma ta motsa, iyaye ne sufetoci. Uban da zai duba injin mota ta hannu sau uku kafin ya biya, bai kamata ya ajiye ɗansa a ƙofar gidan da bai taɓa ganin bayansa ba. Ranar rajista a ce a zagaya da kai ko'ina, har bayan gida da garejin mota. A nemi ganin katin allura. A tambayi wa ke riƙe da mabuɗin keji, da wanda ke ba karen abinci da kuma ƙarfe nawa. Wata rana a zo ɗaukar yaro da ƙarfe sha ɗaya na safe ba tare da an buga waya ba. Idan aka ce maka ai karen ya saba da yara, har wasa suke yi da shi, to an ba ka amsar cewa ba abin da ya raba su.

Ga masu kare a gidajensu da ƴaƴansu na cikinsu, ba sufeton da zai zo, kuma ba ma kira a turo shi. Ƙa'idar dai ɗaya ce: yaro ƙasa da shekara 6 ba ya zama da kare sai babba na tsaye a kansu, kusa yadda hannunsa zai kai, ba yana cikin falo yana duba waya ba, kuma yarinyar aiki ƴar shekara 12 ba babba ba ce. Mazauna ƙetare da ke turo kuɗi a gina gida a kuma sayo Rotwaila don tsaronsa, su tambayi wa ke zaune a gidan yanzu. Sau da yawa mai gadi ne da matarsa da ƴaƴansu ƙanana, a ɗaki guda kusa da kejin. A cikin kuɗin da ake turowa a ware na shinge da kwaɗo da allurar shekara, a kuma ce a turo hoton katin.